Abin da Tunkiyarki Ta Sha

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Inna, dalilin wannan takarda shi ne in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Tunkiyarki uda, wadda kika bar mini, ba leda ta ci ba. Baba ne ya ce leda ce da muka same ta kwance bakin turke tana kumfa, kowa ya yarda, ni kuma na yi shiru. Ni ce sanadi, Inna.

Ran nan Baba ya dawo daga fadama, ya gama yi wa albasa feshi, sai ya miƙo mini tankin da robobin maganin ya ce in wanko a gulbi. Tunkiyar ta biyo ni kamar yadda take bin ki. Kin san halina, da littafi cikin hijabina, irin waɗanda kike cewa za su cinye mini ido. Na ɗauraye robobin, na juye farin ruwan nan a gefen gulbi, na zauna gindin gawo ina son in ga ko yarinyar cikin labarin za ta amsa wa saurayinta. Ko da na ɗago kai, bakin tunkiyar na cikin ruwan.

Ban ma tsorata ba. Tun ina ƙarama nake jin manya na cewa ruwa mai gudu ba ya ɗaukar ƙazanta. Baba na faɗa, masu wankin babur na faɗa, matan da ke zuwa juye shara ma na faɗa.

Ke ce kaɗai ba ki faɗa. Na tuna ranar da muka je ɗibar ruwa na tofa yawu a ciki, kika tsaya da tulu a hannu kika dube ni: "Mi kika aika ma na gangare?" Na yi dariya, na ɗauka wasa ne.

Sai watan jiya a Islamiyya Malama ta zo babin tsarki. Ta ce ruwa yana nan da tsarkinsa ne muddin launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su sake ba. Ashe rabin magana muka riƙe, muka yar da rabi. Inna, da kin ga gulbin yanzu. Ya yi kore, tun daga nesa ake jin shi. Leda ta rataye kan kowace ƙaya. Ƙananan kifayen da kike nuna mini suna yawo rigingine. A littattafaina masoya bakin ruwa suke zama, ni ma da can wurin na zaɓa wa kaina a zuciya. Yanzu ko tsayuwa ba na son yi.

Kuma akwai na gangaren. Na ga matansu suna cika jarka, suna ba jariri da tafin hannu. Tunkiya ta sha ta mutu a gabanmu, su wa ya san abin da ke cikinsu?

Malama za ta tara 'yan unguwa ran Asabar a kwashe ledar, a yi maganar tona rami nesa da ruwa don wankin kayan feshi, a dasa itatuwa a gaɓa. Ta ce kowace ɗaliba ta ce wani abu. Ni da ko karatu aka ce in ja, muryata ɓacewa take?

Amma ba taron ne ya fi damuna ba. Gobe Baba zai sake feshi, zai sake miƙo mini robobin, kuma tun da nake ban taɓa ce masa a'a ba. Ba mugu ba ne, kin fi ni sani. Shi da kansa ya ja tunkiyar zuwa daji, ranar ko tuwo bai taɓa ba. Tun da kika tafi maganarsa ta ragu, ni kaɗai yake ɗan yi wa hira. Ina tsoron in ya san gaskiya, ita ma ta ƙare.

Na so in ɓoye takardar nan cikin akwatinki. Na fasa. In ya dawo daga la'asar, a hannunsa zan sa ta. Kin san yadda yake karatun boko, a hankali, yana bin layi da yatsa. Zan tsaya a gabansa har ya kai ƙarshe. In ya yarda, Malama ta karanta wa jama'a.

Allah ya haskaka kabarinki, Inna, ya shayar da ke daga Alkausara. Ya yafe mini abin da na aika gangare, ya sanyaya zuciyar Baba.

Ɗiyarki mai kewarki,
Balkisu