Ranar da Desmond Ya Ƙi Juyowa

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya Baba da su Bernice? Mu nan Vancouver lafiya lau, aikin asibiti yana tafiya, kada ki damu.

Ranar Asabar na lallashi surukinki Desmond muka hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Galiano. Likita ce ta ce ya riƙa fita, don tun rasuwar ɗanmu Colm ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Mun sha tafiya cikin itatuwa, muka kafa tanti a bakin teku. Har ya ci gasasshen kifi, yana tsokanata wai ban iya ɗaure igiya ba. Na yi murna, Mama.

Da la'asar muka shiga ruwa. Sanyi ya koro ni, shi kuwa ya ci gaba da iyo, ya wuce duwatsu bai waiwayo ba. Na yi ta ƙwala masa kira har muryata ta dishe. Wasu masu kwalekwale na kira, su ne suka jawo shi, jikinsa yana kakkarwa.

Ina goge masa kai sai ya ce, "Noreen, me ya sa kika kira su?"

Ban gaya wa kowa ba sai ke. Don Allah ki je wurin yayansa Cyril, ki ce ya zo, ko na mako ɗaya ne. Kada Baba ya ji. Na gode da safar da kika saƙa mini, Allah ya ƙara miki lafiya.

Jibi zan koma aiki, Mama, kuma ban san hannun wa zan bar shi ba.

'Yarki,
Noreen