Sunan da Mama ta ɗinka a bargon jikana

Anti Bernadine, don Allah ki taimake ni kafin Asabar, ranar da mata za su kai wa 'yata Kendra kayan jariri. Cikinta na fari ne. Na haɗa mata bargon ƙyallaye, na shimfiɗa auduga a tsakiya na kafe da fil, saura ɗinkin ado, irin wanda ake sauke haƙoran keken ɗinki hannu ya yi ta yawo da bargon. Ni kuwa in na gwada, sai ka ce tsutsa ta bi ta wurin.

Mahaifiyata Verna tana wurina, shekararta tamanin da huɗu, mantuwa ta cinye ta, ni kaina nas take kira na. Ran Talata ina kicin ina fere tuffa na ji keke yana tafiya. Na rugo a tsorace, sai na daskare a bakin ƙofa. Matar da ba ta iya ɓalla maɓallin rigarta, ga tafukanta shimfiɗe a kan bargo, siffofin ganyaye da gashin tsuntsu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba zane ba alli. Wallahi ban san ina kuka ba.

Da ta gama na duba kusurwa, ta rubuta da zare: Dale, 1961. Ba mu da Dale a dangi. Na kira ƙanwar Mama, Opal, ta ce ɗan farin Mama ne, kwana tara ya yi a duniya, Baba ya hana a ƙara ambatonsa. In farke ɗinkin? Yaya zan lulluɓe jariri da sunan mamaci? Kendra ga tsoro. Amma hannuna ya ƙi ɗaukar reza.

Mai fere tuffa, daga Iowa

’Yar uwa, ajiye rezar nan. Kina iya sake bargo, ba kya iya sake abin da Mama ta yi ran Talata.

Sai dai tsoronki ba shirme ba ne. Mai ciki tana da haƙƙin sanin abin da za ta rufa wa ɗanta, kada ta tsinci sunan da kanta wata rana wajen wanki. Ki je gidanta kafin Asabar, ku biyu kawai, ki nuna mata kusurwar ki faɗa mata komai. In ta karɓa, madalla. In zuciyarta ba ta kwanta ba, kada ki ji haushi, ki adana wannan, ki ɗinka mata wani da layuka miƙaƙƙu, jariri ba ya duba ado.

Sannan ki haɗa wasu ƙyallayen, ki rage gudun keken, ki zauna kusa da Mama kina lura da yatsunta. Tana cikin ɗinki ki ambaci Dale a hankali. Ko ta amsa ko ba ta amsa ba, shekara sittin da ɗoriya ke nan ba ta ji sunan ɗanta a bakin kowa ba.

Allah ya sauki Kendra lafiya, ya ba ki ladan jinya.

Anti Bernadine