Injin da Na Zaɓo wa Yaya Adawiyya

Gwarzo,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Yayana Badaruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Badi'a da yara. Yaya aiki, yaya kuma ruwan Fatakwal da ka ce ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a neman da ake yi. Mu nan muna lafiya, alhamdulillahi. Inna ta samu sauƙin ƙafar nan, har ta koma zuwa barka da gaisuwa da kanta. Baba ya gama yankan gero a gonar Kutama, dawa ce ta rage, waken bana kuwa ya fi na bara kyau. Ƙanwarmu Zinnira ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunan Kawu Jibirin.

Yaya, za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali shekaranjiya muka yi waya. Sau uku ina kiranka da niyyar faɗa maka abin da zan rubuta a nan, amma da na ji muryarka sai in kauce in shiga zancen gona. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Malam Sajo direba ya kawo maka hannu da hannu. An gaya maka Yaya Adawiyya ta ji ciwo a hannu wajen aiki, an kuma ce maka tsautsayi ne. Ciwon gaskiya ne, amma ni ne sanadinsa, kuma har yau ba ka san ta yaya ba.

Ka fi ni sanin yadda ta riƙe kanta tun rasuwar mijinta. Shekara tara ke nan tana wanke wa mutane kafet, daga Gwarzo zuwa Kabo, a durƙushe da buroshin hannu da bokitin kumfa, har gwiwoyinta suka yi kanta. Injin zuƙe ruwa da ka aiko mata bara ya rage mata rabin wahala, amma gugar nan da ake yi bayan an fesa sabulu, don ya shiga cikin gashin kafet ya tayar da datti, ita ce ke cinye mata baya. Saboda ita ka ce a sayi injin guga, kuma ka yi mini bayani dalla-dalla da ilimin shekarun da ka yi kana wannan aiki a otal. Ka ce iri biyu zan gani. Akwai mai faifai, wanda buroshinsa guda ne zagayayye yana juyawa a kwance, mai nauyi, mai fizgar mutum dama da hagu, ya dace da manyan wurare da hannun da ya goge. Akwai kuma mai buroshi biyu dogaye da ke juyowa suna fuskantar juna, marar nauyi, ana tura shi gaba a jawo shi baya, yana tayar da gashin kafet a tsaye yana fito da yashi da gashin kai. Ka ce na biyun zan saya, ka maimaita har sau biyu, saboda Yaya Adawiyya ce za ta riƙe shi, kuma aikinta na ɗakunan mata ne, masu gado da kabad da ƙaramin fili.

Na je Kano ni kaɗai. Yaya Adawiyya ta so ta bi ni, har ta sa mayafi, na ce mata ta huta, sayen inji ba ya buƙatar mutum biyu. Mai shagon wani dattijo ne, Alhaji Jalo, mutumin kirki ƙwarai. Dukansu biyu suna nan a shagon, Yaya, mai faifan da mai buroshi biyun, suna jere. Kafin ya nuna mini komai sai da ya tambaye ni wane ne zai riƙa aiki da injin, wane irin kafet ake wankewa, kuma ɗakunan manya ne ko ƙanana. Na ce masa ni ne zan riƙe, kuma masallatai da ɗakunan taro muke yi. Ban taɓa wanke ko darduma ɗaya ba a rayuwata, amma haka na faɗa ba tare da na ƙifta ido ba. Ya kunna mini mai faifan a kan wani guntun kafet, na ji ƙararsa, na ga girmansa, sai na hango kaina ina sauke shi daga mota a ƙofar babban masallaci mutane suna kallo. Na gaji da a riƙa ce mini ƙanen mai wankin kafet. Na so a ce sana'ar ta zama tawa, ita kuma ta riƙa taimaka mini. Wannan ita ce gaskiyar da na kasa faɗa maka a waya.

Duk da haka dattijon nan bai bar ni haka ba. Ya ce idan akwai mace ko wani marar ƙarfi da zai taɓa injin, in ɗauki ɗayan. Ya kuma haɗa mini buroshi biyu, mai laushi na kafet da mai tauri na tayil da siminti, ya ja mini kunne kada in kuskura in ɗora mai taurin a kan ulu. Ina amsa masa da to, hankalina yana wani wuri. Da na dawo gida na ce wa Yaya Adawiyya irin wanda ka faɗa ya ƙare a kasuwa. Ta zagaya injin, ta gwada ɗaga shi ta kasa, ta dube ni, sannan ta ce Allah ya sa albarka, ya saka maka da alheri. Kai kuma da ka tambaya na ce an sayo, ban ce wanne ba.

Masallatan da na yi ta mafarki ba su kira ni ba. Kiran farko da ya zo na Yaya Adawiyya ne, daga Getso, gidan Hajiya Furera, wadda ta shekara shida tana wanke mata kafet. Mijin Hajiya ya rasu watanni biyu da suka wuce, tana cikin takaba, masu zuwa gaisuwa sun tattake kafet ɗin ɗakinta. Kafet ne na ulu mai dogon gashi da geza a bakinsa, marigayin ne ya kawo mata shi daga Makka. Yaya Adawiyya ta ce mu bar injin, za ta yi da hannu kamar kullum, don wannan kafet ba ya son garaje. Ni na nace. Na ce in ba a fara gwada shi a gidan manya ba, yaushe mutane za su san muna da shi? Muka ɗora shi a a-kori-kura muka tafi da hantsi.

A zaure aka tsayar da ni, kamar yadda ya kamata. Ba zan shiga ɗakin mai takaba ba, kafet ɗin kuma gado da kabad sun danne shi, babu halin fito da shi. A nan ya kamata in ce mu fasa. Maimakon haka na kunna janareta, na nuna mata yadda ake riƙe mariƙin a kan simintin zaure, abin da bai kai minti biyar ba, ni da ban iya ba ina koyar da wadda ta fi ni sanin aikin. Buroshin da na ɗaura don gwajin simintin, mai taurin, shi na bari a jiki. Ban manta da gargaɗin Alhaji Jalo ba, na dai ga kamar zai fi fitar da datti da sauri. Mata biyu na gidan suka taya ta jan injin zuwa ciki.

Ina tsaye wajen janareta na ji injin ya tashi, can sai ƙararsa ta canza, sai wani abu ya bugi katako, sai salatin mata. Na kashe janaretan, ina ta sallama babu mai amsa mini. Daga baya na ji yadda abin ya faru. Faifan ya cafki gezar kafet ɗin ya naɗe, injin ya fizge ta gefe, ita kuma ta ƙi sakin mariƙin don kada ya daki wata jaririya da aka kwantar a kan katifa kusa da bango. Hannunta na dama ya murɗe, ta bugu da kabad. Da aka fito da ita tana riƙe da hannun, fuskarta duk gumi, abin da ta fara ce mini shi ne in yi haƙuri, tana jin ta lalata mini injin. A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin wuyan hannu ya tsage, aka naɗe mata, sati shida ba za ta yi aiki da shi ba. Kafet ɗin kuwa geza ta tsinke kusan kamu biyu, kuma buroshin ya bar wani zagayayyen tabo inda ya cinye gashin ulun.

Kwana goma sha ɗaya na yi shiru. A gabana ta gaya wa Inna cewa rashin iyawarta ne. A gabana ta sa aka kira mata Hajiya Furera a waya ta ba ta haƙuri, ta ɗauki laifin duka, ba ta ambaci sunana ba. Ina ganin 'yarta Sa'adiya tana ɗaura mata ɗankwali, tana yanka mata tuwo ƙanana don ta iya ci da cokali da hagu, ni kuma ina shigowa in ce sannu Yaya in fita. Abinci ya daina yi mini daɗi. Baba ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne, na ce gajiyar gona ce.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana tsince wake da hannu ɗaya. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga abin da na gaya wa mai shago har zuwa buroshin. Na yi zaton za ta yi faɗa, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ture waken gefe. Sannan ta ce ciwon hannu zai warke, kafet ma Hajiya ta ce ta yafe. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ranar da ta sa mayafi na ce ta zauna. Ta ce ita ta san ƙamshin kowane ɗaki da take shiga, ta san kafet ɗin da ke son ruwa da wanda ba ya so, amma da aka zo sayen abin da za ta riƙe da hannunta, ba a ga ta isa a tambaye ta ba. Ta ce ta yafe mini, amma sai na gaya maka da kaina, don ba za ta ci gaba da yi maka ƙarya saboda ni ba.

Na kira Alhaji Jalo na faɗa masa gaskiya. Ya yi mini faɗa sosai, sannan ya ce in mayar da injin zai musanya mana. Ranar Litinin za mu je, ni da ita, ni zan ɗauki kaya kawai. Ta ce in tambaye ka abu biyu: ko buroshi mafi laushi ya isa ga ulu mai dogon gashi ba tare da an sa matsakaici ba, da kuma yadda kuke yi da geza, ko naɗe ta kuke yi a ƙarƙashi ko da hannu ake wanke ta daban. Ka kira ta kai tsaye ka gaya mata, kada ka biyo ta kaina. Kafin hannun ya warke, ta yarda in riƙa bin ta gidajen da ake iya fito da kafet waje, ita tana zaune a kujera tana nuna mini, ni ina durƙushe da buroshin hannu. Jiya muka yi na farko a Garo. Kafet ɗaya tak na goge, yau da ƙyar na miƙe na yi sallar asuba.

Yaya, ka yafe mini. Ka ba ni amana na yi son zuciya da ita, na kuma ɓoye maka. Duk abin da za ka faɗa mini zan saurara, ba zan kare kaina ba.

Ka gaishe mini da Anti Badi'a da kyau, da Zayyad da Nata'ala da 'yar autarku Halima. Baba da Inna suna sa muku albarka, Inna ta ba Malam Sajo kuka da daddawa ya kawo muku. Kawu Jibirin da Zinnira da Sa'adiya duk suna gaishe ku. Yaya Adawiyya ta ce a gaishe ka, kuma kada ka tayar da hankalinka, yatsun sun fara motsi. Allah ya ba ta lafiya, ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Tasi'u.