Zan tsaya kusa da yarinyar jirgin

Auta,

Na tafi filin jirgi, na bar ka kana barci. Kada ka biyo ni da faɗa.

Ranar da ka shigo ina wanki ka ce kamfanin jirgin ya durƙushe, cewa na yi ai babanka ya gama da asibiti, ko ta yaya zai dawo. Bai dawo ba. A kan bencin filin jirgi ya yi ta kwana a ƙasar mutane, maganinsa na cikin akwatin da suka kulle.

Yarinyar nan mai raba abinci a jirgi ita ta yi masa matashi da rigar aikinta, tana ba shi ruwa har ya cika. Ita ma can suka yasar da ita, ba wurin kwana. Yau wani jirgi zai dawo da ita da sauran waɗanda aka yasar.

Jiya na ji ka da abokanka kuna cewa duk mai rigar kamfanin sai ya gane kurensa. To, ina nan tsaye kusa da ita. Mai son zaginta ya fara da uwarka. Masu kamfanin ba ta wannan ƙofar suke fita ba.

Gida zan kawo ta, don in ji maganar babanka ta ƙarshe daga bakinta. Ka share ɗakin yayarka.

Shayi na kan tebur. Kofi biyu na haɗa kamar kullum, hannuna ya ƙi koyon ɗaya. Ka sha nasa, kada ka zubar.

Mamanka