Kwat Ɗin da Na Saya Don Riga

Litinin, 6 Oktoba 2008

Ciyaman Ortese ya sanar cewa za a tura mace ɗaya daga ƙungiyarmu ta masu sarrafa doya zuwa taro a Riga, babban birnin Latbiya. Kowa ya san ni ce. Ni na kafa reshen Agyaragu da ƙafata. Ban faɗa wa kowa komai ba, tafiya ba a yi mata shela.

Alhamis, 9 Oktoba

Na wuni a kafe ɗin intanet. Ana bi ta Jamus, daga can a canza jirgi. Kuɗinsu lats, ba yuro ba. A Nuwamba rana na faɗuwa tun wajen la'asar ɗinmu, sai in san yadda zan yi da salla. Ba a shiga da nama, kilishina ya sha ruwa. Garin rogo da yaji dai babu laifi, ina jin.

Asabar, 11 Oktoba

Na samo kwat mai kauri a gwanjo, baƙi, har gwiwa. Na gwada shi a ɗaki na kulle ƙofa, gumi kamar an watsa min ruwa.

Laraba, 15 Oktoba

A gaban kowa Ciyaman ya ce, "Madam Zahra, kai ne za ka je?" Na sunkuyar da kai na ce, "A'a Ciyaman, a ba wata." Haka aka tarbiyyantar da mu a gidanmu: ka ƙi sau ɗaya, a matsa maka, sannan ka karɓa. Ina jira ya sake tambaya. Sai kawai ya juya ga wata yarinya a ƙungiyar ya ce, "Okay, no wahala. Mwuese, shirya fasfo." Har tafi aka yi min, wai na yi halin girma.

Alhamis, 16 Oktoba

Ban ci abinci ba. Haushinsa nake ji, da nata, da na bakina.

Asabar, 1 Nuwamba

Mwuese ta samu biza. Ta zo min da murna, wai ta ɗinka atamfa kala uku, ta sayi silifas mai tsini, za ta kai wa Turawa busasshen naman daji. Ta ce, "Anti, wai sanyin can ya kai na Jos?" Na ce ban sani ba. Ta je ta gani da idonta.

Juma'a, 14 Nuwamba

Jibi za ta tashi. Kwat ɗin na rataye bayan ƙofa, ya ishe ni da kallo.

Asabar, 15 Nuwamba

Na kai mata kwat ɗin har gidansu a garin Azuba da safe. Ba don komai ba, wuri yake cinye min. Na ce ta fitar da naman nan daga jaka, ta sayi safa da takalmi rufaffe. Ta saka kwat ɗin, ya yi mata cif. Ta shafa hannun, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Anti, yaushe ka saya wannan?"

Na ce mata akwai aljihu a ciki, nan za ta sa fasfo.