Na Ce Manaja Ne Ya Hana Ɗaukar 'Yan Nijar

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku sauka ƙasa ku fara zagina ku daure ku karanta har ƙarshe. Zagin na riga na yi wa kaina har na gaji, shawara nake nema.

Ni hedman ne a wani kamfanin roba a Sharada, nan Kano. Ga wanda bai san aikin ba, yawancin masu dakon kaya da masu shirya buhu ba ma'aikatan dindindin ba ne, leburorin yini ne. Kullum da safe su cika bakin get, ni kuma in fito in tsaya in riƙa nuna mutum da yatsa. Wanda na nuna ya shiga ya yi aiki a sallame shi da yamma, wanda yatsana ya tsallake ya koma gida ko ya ruga get ɗin wani kamfanin ya gwada sa'a. Ba mai tambayata dalili. Haka na tarar ana yi, ni ma haka aka yi mini shekara da shekaru kafin a ɗaga ni.

Akwai wani dattijo da zan kira Malam Idi, ba sunansa ba ne. Mutumin wajen Maraɗi ne, amma ya daɗe a Zawaciki da matarsa da yara. Tare muka yi dakon buhu tun ina saurayi, shi ya koya mini yadda ake ɗora kaya a mota ba ya zubewa, kuma ranar da mahaifina ya rasu shi ya shiga kabari ya karɓi gawar. Tun da na zama hedman ban taɓa ɗaga yatsa ban fara da shi ba.

In an tashi aiki, teburin mai shayin da ke kallon get shi ne majalisarmu. Nan muke raba duniya. Mu tsige wannan shugaban, mu naɗa wancan, mu kori Faransa, mu yi wa Rasha izinin shigowa, mu sasanta Gabas ta Tsakiya kafin shayi ya huce, alhali rabinmu ko Abuja ba mu taɓa gani ba. Ni ne mai babban baki a wurin. Lokacin zaɓe na yi wa ɗan takarata kamfen kamar ƙanin ubana ne, da aka cire tallafin mai kuma na tsaya na ce wahala ce ta ɗan lokaci, marasa haƙuri ne ke kuka. Ina faɗar haka mai ya gagare ni. Na tura babur ɗina cikin zaure na lulluɓe shi da tsohon buhu, na koma takowa a ƙasa, duk wanda ya tambaya in ce inji ne ya buga, yana wajen bakanike. Malam Idi kaɗai ya san gaskiya, don shi ne ke shiga gidana.

Sai sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka, aka yanke musu wuta, aka fara maganar yaƙi. Majalisa ta dare gida biyu. Wata yamma na zage ina cewa gara a koya musu hankali, ƙasar da ko wutar lantarki sai mun ba ta ita ce za ta yi mana taurin kai? Ban ko tuna cewa mahaifiyar Malam Idi tana can bayan iyakar ba, ba hanyar zuwa, ba hanyar aike. Ya ajiye kofinsa a hankali ya ce:

"Hedman, ni ban ce soja alheri ne ba. Mu da bindiga aka ɗora mana, ba wanda ya tambaye mu. To ku da kuka bi layi cikin rana kuka dangwala da hannunku, me ya kwantar da babur ɗinka a zaure an lulluɓe shi da buhu? Lafiyarsa ƙalau fa. Yunwa yake ji."

Wallahi har mai shayi sai da ya riƙe teburi don dariya. Ni ma na yi yaƙe. Tun daga ranar, duk wanda ya gamu da ni sai ya gyara murya ya ce, "Hedman, ya mai jiki? Ya fara cin abinci kuwa?" Yaran da nake nunawa da yatsa su ke mini wannan gaisuwar.

Washegari na fito bakin get, yatsana ya zo kan Malam Idi ya wuce. Na rantse muku niyyata ta yini ɗaya ce, in ɗan ja masa kunne ya san wa ke riƙe da get. Ya ɗauka mantuwa ce, har ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Da na ga murmushin sai na ji kamar har yanzu dariyar jiya yake yi, jibi ma na tsallake shi, gata ma haka. Da abin ya yi tsawo ya same ni a gefe ya ce, "Hedman, ko na yi wani laifi ne?" Nan ne ya kamata in ce masa ka kunyata ni a gaban yara, mu yi faɗanmu mu shirya. Me ya hana ni? Girman kai ne, ba wani abu ba. Sai na sauke murya na ce, "Malam, daga sama ne. Manaja ya ce saboda rikicin nan a dakata da mutanenku." Ya ce Allah ya kyauta, har da ba ni haƙuri wai kada in sa damuwa a raina.

Ƙarya kuma tana son a ciyar da ita. Tunda na ce doka ce, ba dama in ɗauki wani ɗan Nijar in bar shi, don haka na tsallake su duka, mutanen da ko teburin shayin ba sa zama. Magana ta fita. Hedman na kamfanin da ke maƙwabtaka da mu ya ji, ya ce shi ma ba zai ja wa kansa ba. Ba a daɗe ba wani direban tirela ya kawo mana labarin daga Bompai, an ƙara masa gishiri, wai gwamnati ce ta aiko wa kamfanoni da umarni a asirce. Na zauna a majalisa ina jin ana tafka muhawara a kan abin da na ƙirƙira a tsaye a bakin get, wasu na cewa daidai ne, wasu na tsine wa gwamnati, ni ma ina sa baki ina gyaɗa kai. Wane irin mutum ne ke yin haka?

Mutum ɗaya ne bai haɗiye ba, Bulus, bakaniken janaretanmu, ɗan kudancin Kaduna. Ya dube ni ya ce, "Oga hedman, ni fa kullum ina shiga ofishin manaja, ban taɓa jin wannan dokar ba." Na ce masa ai ba a kiran masu sufana mitin. Tun ranar gaisuwarsa ta gajarce.

Malam Idi ya koma Challawa, wata majema, inda ake jiƙa fata cikin ruwan sinadari. Na gamu da shi a masallacin Juma'a na miƙa hannu, sai ya ba ni tsintsiyar hannunsa, don tafin duk ya tsage ya yi fari. Kuma an gaya mini da 'yan ƙasarsu suka fara zagina shi ya tare, ya ce, "Ku bar hedman, ɗan aike ne, da yana da iko da bai bar ni a waje ba."

Yanzu ga abin da ke ci mini rai. An buɗe iyaka tuni. Manyan da muka yi ta kumfar baki a kansu suna can cikin sanyi, ba wanda 'ya'yansa suka kwana da yunwa. Ɗan takarar da na kare ɗin bai san an haife ni ba, ni ma na daina kare shi, babur ɗin ma na sayar mun ci abinci. Maganar da Malam Idi ya faɗa gaskiya ce tun ranar, shi ya sa ta yi zafi. Amma dokar da na kafa tana nan, don ban san ta inda zan janye ta ba.

A makon nan aka kawo mana babban aiki, lodi ya yi yawa, yaran da nake ɗauka suna ta zubar da kaya. Manaja ya kira ni ya ce, "Ina dattijon nan ɗan Nijar mai shirya buhu? Ina sauran mutanensa? Na daɗe ban gan su ba." Na ce ina jin sun koma ƙasarsu. Ya ce in nemo su, Litinin yana son ganinsu.

Jiya bayan la'asar sai ga Malam Idi a ƙofar gidana da matarsa da yaransa. Ya ce majema ta cinye masa hannu, ya samu motar da za ta tafi can arewacin Nijar wajen haƙar zinariya ranar Asabar, wurin da rami ke ruftawa da mutane ba a ko samun gawa. Ya ce, "Ga amanarsu nan, ka riƙa leƙa su. Duk Kano ba ni da wanda na yarda da shi sama da kai." Da ya tashi tafiya ya dawo da baya ya ce, "Hedman, maganar babur ɗin nan. Na daɗe ina jin nauyinta. Sirrinka ne na tona a gaban yara, ban kyauta ba. Ka yafe mini kafin in shiga hanya."

Kun san me na ce? Na ce na yafe. Na buɗe baki na ce masa na yafe, har na ƙara da cewa ba komai, ya wuce.

Aikinsa na nan yana jiransa Litinin, kalma ɗaya ce zan faɗa ya fasa tafiyar. Amma na san halinsa, in ya shiga get ɗin nan ba zai taɓa buhu ba sai ya fara zuwa ofis ya yi wa manaja godiyar janye doka, manaja kuma zai ce wace doka? Daga nan aikina ya tafi, mutuncina a Sharada ya tafi, mutanen da na hana abinci wata da watanni za su san yatsan wa ne. Ni ma ina da yara. In kuwa na yi shiru, Asabar zai hau mota yana sa mini albarka, asirina ya rufu, in riƙa kai wa 'ya'yansa cefane suna ce mini Baba.

Yau Alhamis. Ya ce in zo in raka shi tasha. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?