Rijiyar Tama

Madawa, 3 ga Maris 1987

Sha'ibu,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. An ce in yi maka murna, ka zama shugaban jami'a. To, barka.

Na ji ka a radiyo ina cikin gyaran takardun 'yan ajina. Ka ce hidimar jama'a a Tama ka koye ta, shekarar fari, da ka tara samari kuka yashe tsohuwar rijiya. Ka manta saura, bari in tuna maka.

Maigidana Barmo, baban Lantana, haƙar rijiya ya gada. Ya zura zakara rijiyar cikin kwando, ya jawo shi matacce. Ya ce, "Ba a shiga yau. A bar ta kwana uku, a yi mata fifita da ganye." Kai kuma, da tabaron da ka sayo Faransa, ka ce, "Tsafin Anna ne, masu bautar iskoki! Mutane na mutuwa da ƙishirwa, kai kana wasa da kaji?" Samari suka hau shi da ƙotar fartanya. Na ji ƙarar ƙashin hannunsa daga inda nake tsaye. Ka ɗaura wa wani saurayi, Mato, igiya da hannunka, ya sauka, aka jawo gawa. Kafin la'asar gari ya ce maigidana ne ya ba rijiya Mato. Suka ƙone mana ɗaki da rumbu. Kana tsaye kana kallo.

Shekara goma sha huɗu Tama na kiransa maye. An ce za ka kai ɗalibai bakin rijiyar ranar Asabar ta ƙarshen wata. Ka faɗi gaskiya a can.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Furera

Yamai, 12 ga Maris 1987

Zuwa ga Yaya Furera,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, na samu takardarki, na kuma karanta ta da baƙin ciki. Abin da ya faru ya faru cikin ruɗanin yunwa, kowa da rabonsa na kuskure. Tono shi yanzu, gaban sufurefe mai mulkin gunduma da baƙi, zai ɓata aikin da ɗalibai za su yi wa ƙauyuka goma. Zan aiko mota ta kawo Malam Barmo Yamai, likita ya duba hannun.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanenki, Sha'ibu

Madawa, 19 ga Maris 1987

Sha'ibu,

Ina gaishe ka don Inna ta koya mana gaisuwa.

Hannun ya ƙage tun kana neman digirinka na uku, riƙe motarka. Na karanta masa takardarka. Ya yi dariya ya ce, "Ki tambaye shi ko likitan na cire maita." Daga nan ya juya fuska bango, bai ci tuwo ba. Tari ya cinye shi, Sha'ibu. So yake a binne shi kusa da ubansa, Tama kuwa ba za ta ba maye kushewa ba. Lantana ta kai ashirin da biyu, duk wanda ya fito neman aurenta sai a raɗa masa 'yar maye ce.

"Kowa da rabonsa"? Gurɓatacciyar iskar ƙasan rijiya na cikin littafin da nake koya wa 'yan shekara goma sha biyu. Kai ka karanta, shi ya gada, shi ne ya sani.

Zan zo Tama. In ka buɗe baki da "hidimar jama'a" ba ka ambaci Mato ba, wallahi zan hau dakalin nan in fizge lasifikar, in ya so jandarma su ja ni ƙasa gaban baƙinka. Goggo Kaltume, uwar Mato, na nan da rai. Idonta za ka kalla.

Sai mun haɗu.
Furera

Tama, 6 ga Afrilu 1987

Sha'ibu,

Ya jiki? An ce ɗinki bakwai aka yi maka a goshi. Ban zaci Goggo Kaltume na da sauran ƙarfin ɗaga taɓarya haka ba. Na ga ba ka kauce ba, ka kuma maimaita cewa kai ka tura Mato rijiya, jini na shiga maka baki, har na baya suka ji.

Laraba muka kawo Barmo gida a bayan kamyo, motar kaya. Goggo Kaltume ce ta fara shigowa. Ta zauna bakin ƙofa har azahar. Maza na ta yaɓa mana ɗaki inda suka ƙone wancan.

Ya ce in gaishe ka da kyau. Ni tawa gaisuwar sai nan gaba.

Furera